Fitilar Santsi: Idan Ta Kama Ta Ƙi Mutuwa

Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili da muke duba lafiyar mota da lafiyar waɗanda ke cikinta. Direbobin haya da ke jiran lodi a tasha, ma'aikatan da ke hanyar komawa gida, iyayenmu mata da ke kai yara makaranta da kansu, da ku 'yan'uwana makanikai da ke saurare a gareji hannu duk baƙin mai, sannunku da aiki.

Yau a kan wata 'yar fitila ruwan ɗorawa za mu tsaya. Tana nan a allon gaban direba, kusa da maleji. Hoton ƙaramar mota ne da layi biyu a karkace a ƙarƙashinta, alamar sawun tayar da ta zame. A wasu motocin rubutu ne. Mai Toyota zai ga TRAC ko TRC, sau da yawa tare da VSC. Mai Honda zai ga TCS ko VSA. Mai Mercedes ko Volkswagen ko Peugeot zai ga ASR ko ESP, mai Nissan kuma VDC. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa, amma duk a kan abu ɗaya suke, wato hana taya zamewa da hana mota ƙwace wa direba. Ni dai fitilar santsi zan riƙa ce mata har mu tashi.

Abin da ya sa na ɗauko maganar shi ne yadda nake ganin ana yi da fitilar nan. Wani da ta kama sai hankalinsa ya tashi, a ce masa na'urar birki ce ta mutu, ya je kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka ya zuba kuɗi masu yawa, a ɗaura, fitila na nan ba ta gusa ba. Wani kuma ya ce ai mota tana tafiya, ya manna mata baƙin salatif ya huta. Dukansu biyu sun yi asara. A mafi yawan motocin da ake kawowa da wannan matsala, laifin yana cikin ƙaramin abu mai araha: taya, batir, waya ko datti. Hanyar gano shi kuwa ita ce a faro daga ƙasa, a bi a hankali.

Amma ba za ka iya bin sawun matsala ba sai ka san yadda abin yake aiki yana lafiya.

A bayan kowace taya akwai 'yar sansa, tsawonta bai fi ɗan yatsa ba, an ɗaure ta da noti guda. Gabanta akwai zobe da ke juyawa tare da tayar. A tsofaffin motoci zoben ƙarfe ne mai haƙora, a sababbi kuma maganaɗisu ne da aka shimfiɗa a jikin boris. Duk juyin da taya ta yi, sansa tana ƙirgawa tana aika wa kwamfutar birki. Ka ɗauki kwamfutar nan a matsayin alƙali mai shaidu huɗu. Muddin bakinsu ɗaya, babu shari'a. Da zarar ka taka totur a kan laka, tayar gaba ta dama ta ce tana gudun kilomita 40, sauran ukun suka ce 15 suke yi, alƙali ya gane wannan tayar ba tafiya take ba, lilo take a wuri ɗaya. Nan take sai ya yanke hukunci iri biyu: ya ɗan danƙe birkin wannan tayar ita kaɗai, ya kuma umarci injin ya rage ƙarfi. Danƙe birkin yana da dalili. Yadda aka ƙera mafi yawan motoci, idan taya ɗaya ta sami santsi sai ta yi ta juyawa a banza, 'yar'uwarta da ke kan busasshiyar ƙasa ta tsaya cak. Idan aka riƙe mai lilon, sai ƙarfi ya isa ga wadda ta kama ƙasa. Duk wannan yana faruwa kafin ƙiftawar ido, ba tare da ƙafarka ta kusanci birki ba.

To idan shaida ɗaya ya yi shiru, ko ya riƙa faɗin abin da hankali ba zai ɗauka ba, alƙalin ba ya yanke hukunci a kan zato. Ajiye shari'ar yake yi gaba ɗaya, ya kunna maka fitila. Ma'anar fitilar ke nan idan ta zauna daram: na janye hannuna, yanzu kai kaɗai ne da motarka.

Wannan fasaha a kan ABS aka gina ta, wato birkin da ba ya kulle taya, wanda kamfanin Bosch na Jamus ya fitar a motocin Mercedes a 1978. Wajen 1987 Mercedes da BMW da Toyota suka fara sa na'urar hana lilon taya. A 1995 aka ƙaro ta uku, mai kama mota idan ta nemi juyawa a kwana, ita ce ESP ko VSC. Amurka ta wajabta wannan ta ukun a kan ƙananan motoci daga ƙirar 2012, Tarayyar Turai kuma a kan duk sabuwar mota daga Nuwamban 2014. Tunda motocinmu galibi na hannu ne da ake saukewa a Legas da Kwatano daga waɗannan ƙasashe, kusan duk wadda ba ta tsufa sosai ba tana ɗauke da su. Kuma ukun nan duk da sansar tayoyin nan suke aiki, famfo ɗaya, kwamfuta ɗaya. Shi ya sa idan ɗaya ta kwanta, sau da yawa fitilu biyu ko uku ke kamawa tare.

Matakin farko kallo ne, ba kwance noti ba. Fitilar ƙyaftawa take ko tsayawa ta yi? Idan tana ƙyaftawa lokacin da kake tashi a kan tsakuwa, ko kake hawa gangare a cikin ruwan sama, ka ji motar ta ɗan ja baya ko ka ji ƙarar gurnani daga gaban injin, wannan lafiya ce. Aikinta take yi, tana kuma gaya maka ƙasa ba ta riƙe ka, ka sassauta ƙafa. Haka nan idan ka murɗa makulli duk fitilu suka kama, bayan 'yan daƙiƙu suka mutu, gwaji ne mota ke yi wa kanta. Wadda ke nuna matsala ita ce wadda ta zauna ta ƙi mutuwa, ko wadda ke ƙyaftawa a kan busasshiyar kwalta miƙaƙƙiya ba gaira ba dalili.

Kafin ka je ko'ina, nemi maɓallinta. Yawanci yana ƙasa da sitiyari ta hagu ko kusa da giya, da hoton motar nan da kalmar OFF. Yaro yana iya danna shi, mai wankin mota yana iya taɓa shi da tsumma. Danna shi, ko ka kashe mota ka sake tayarwa, domin a mafi yawan motoci na'urar tana dawowa da kanta idan aka sake tayar da injin.

Idan ba ta mutu ba, ga tambayar da ni a wurina ta fi kowace na'ura daraja: me aka yi wa motar nan na ƙarshe kafin fitilar ta kama? An canja taya? An canja boris ko shaf? An yi alaimen? An cire batir? An yi walda? An wanke ƙasanta da ruwa mai ƙarfi, ko ta ratsa kududdufi? Malam direba, ka zauna ka tuna, kuma ka faɗa wa makanikinka gaskiya. Rabin aikin yana cikin amsar nan.

Mu fara da taya, domin a nan ne muka fi cutar kanmu. Mutum tayarsa ta fashe a hanya, ya tsaya wurin mai faci, aka ɗauko masa wata ta hannu, aka ce ai rim 16 ce, za ta shiga. Ta kuwa shiga. Amma shiga daban, daidaito daban. Duba rubutun da ke gefen taya. Mu ce motarka tana ɗauke da 205/55 R16, aka sa maka 215/60 R16 a gefe ɗaya. Duk rim 16 ne, amma tsayin ta farko wajen santimita 63 ne, ta biyu ta haura 66. A kowane juyi guda babbar tana cin ƙasa fiye da ƙaramar da kusan santimita 10. Bambancin ya kai kashi 5 cikin 100. Ita kwamfuta ba ta ganin taya, lissafi kawai take gani: ɗaya tana juyawa fiye da ɗaya, kullum, ko a miƙaƙƙiyar hanya. Sai ta ɗauka santsi ne ta riƙa rage maka ƙarfin injin, ko ta gaji ta kunna fitila. Haka ma ƙaramar sifiyar nan siririya da ake zuwa da ita a but, wadda aka rubuta kada a wuce gudun kilomita 80 da ita. Ta kai ka wurin mai faci ce, ba ta zama ba. Iska ma tana shiga lissafi, domin tayar da ta yi laushi tsayinta ya ragu. Buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai takarda da kamfani ya manna, ta faɗi girman taya da yawan iskar da ya dace. Wannan takardar za ka bi, ba bugun taya da sanda ba.

Daga taya sai batir. Kwamfutar birki ba ta jure ƙarancin wuta. Batir mai lafiya idan mota tana kashe yana nuna wajen volt 12.6, idan injin yana aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5. Idan ka lura fitilar ta fi kamawa da sassafe lokacin sanyin hunturu, musamman ranar da mota ta yi nauyin tashi, to ka fara zargin batir ko abin cajinsa. Duba kan batir ɗin ma. Farin garin nan da ke taruwa a kansa, ko kan da ke motsi idan ka murza da hannu, ya isa ya jawo fitilu uku. A duba fis na ABS a akwatin fis. Idan ya ƙone a sa mai lamba irin tasa, kada a naɗa masa waya.

Sai abubuwa biyu na birki da ba sa cin minti biyar. Buɗe bonet ka duba man birki ko ya sauka ƙasa da layin MIN. Idan ya sauka, kada ka tsaya a ƙarawa kawai, ko dai fad ɗin birki ne ya cinye ko akwai yoyo. Sa'an nan ka sa wani ya tsaya bayan mota ka taka birki, a ga ko jajayen fitilun baya suna kamawa. Akwai ɗan maɓalli a saman abin taka birki da ke gaya wa kwamfuta cewa ka taka. Idan ya lalace, na'urar santsi tana janyewa, kuma yana cikin mafi arahar kayan da ke jikin mota.

Masu Toyota, Corolla da Camry da Sienna da Highlander, ku matso kusa da rediyo. A yawancin motocin nan, idan fitilar cak injin ta kama, sai VSC da TRAC OFF su biyo ta. Mutum ya ga fitilu uku lokaci guda ya ce shi ke nan, mota ta gama yawo. Alhali kuwa birkin ba abin da ya same shi. Kamfanin ne ya tsara haka: tunda na'urar santsi tana buƙatar ba injin umarni, idan injin ba shi da lafiya sai ta ja gefe. Idan aka sa kwamfuta a ɓangaren birki za a ga lamba C1201, ma'anarta a je a duba injin. Laifin yana iya zama filogi, ko kwail, ko sansar hayaƙi, ko ma murfin tankin mai da ba a ɗaure da kyau ba. A gyara injin, a share lambar, fitilu ukun su tafi tare. Don haka idan ka ga cak injin a cikinsu, daga ita za a fara.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro barkanmu da dawowa. Muna magana ne a kan fitilar santsi, kuma yanzu za mu durƙusa a gindin taya, inda mafi yawan matsalar take kwana.

Tun kafin a ɗaga mota, akwai alamar da za ta nuna maka hanya. Idan ka tayar da injin fitilar ta ƙi mutuwa tun mota tana tsaye, galibi matsalar wuta ce: waya ta tsinke, soket ya zare, fis ya ƙone. Idan kuwa ta mutu lafiya, sai ka fara tafiya ta dawo, to wayar tana nan, saƙon da sansa ke aikowa ne ba daidai ba, a nemi datti, ko zobe, ko boris. Idan kuma sai ka faɗa rami ko ka karya kwana take kamawa, waya ce ta karye a cikin rigarta, tana haɗuwa tana rabuwa.

A ɗaga mota, kuma don Allah a sa mata abin tokare mai ƙarfi, kada kowa ya sa kansa ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A cire taya. Za ka ga siririyar baƙar waya ta fito daga bayan faifan birki, ta bi jikin shokozoba, ta shige cikin bodi. Bi ta da yatsunka tun daga farko har ƙarshe. Wayar nan tana lanƙwasa duk lokacin da taya ta hau ta sauka, duk lokacin da aka juya sitiyari, shekara da shekaru. Na ga wata Camry a wani gareji da aka riga aka yi cinikin sabuwar na'urar ABS dominta. Yaron gareji ne ya sa hannu bayan shokozobar dama, ya jawo wayar, sai ga wuri kamar faɗin farce ya goge, jan ƙarfen ciki ya fito yana ƙyalli. Wanda ya canja shokozoba a baya bai mayar da ita cikin maƙalinta ba, taya ta yi ta gogar ta a kowace kwana. Aka gyara wayar, aka maƙale ta inda take, fitila ta mutu. Ɓera ma yana cin wayar nan a motar da ta daɗe a ajiye, haka nan ruwa yana shiga soket ya bar kore-kore a kan ƙarafunan.

Idan waya lafiya, a kwance notin a zaro sansar a hankali. Idan ta ƙi fita a jiƙa ta da man sassauta tsatsa, a riƙa murzawa, kada a buga ta da guduma domin roba ce. Dubi bakinta. Sau da yawa za ka tarar baƙin garin ƙarfe ya manne mata cunkus, gauraye da giris da jar ƙasar hanya, saboda maganaɗisun da ke wurin yana jawo duk ɓarɓashin da birki ke zubarwa. A goge da tsumma mai tsabta. A leƙa ramin da tocila, a juya shaf a hankali, a duba haƙoran zoben ɗaya bayan ɗaya: akwai wanda ya karye, akwai tsaga, laka ta cike tsakaninsu? Zoben da ya tsage yana da wata alama tasa. Kana tsayawa a hankali a busasshiyar hanya, daf da mota za ta tsaya, sai ka ji birki yana karkarwa a ƙafarka. Tsatsar da ta taru ƙarƙashin sansa ta ɗaga ta sama ita ma tana kawo haka, domin tazarar da ke tsakanin sansa da zobe wajen milimita 1 ce kawai.

Yanzu ga kira na musamman ga 'yan'uwana makanikai, domin kurakurai biyu ne nake gani suna maimaituwa. Na farko wajen canja shaf. Zoben da ke kan shaf ba duka ne ɗaya ba, wani haƙora 44, wani 48, wani 50. Shaf yana iya shiga daram alhali zobensa ba na motar ba ne, ko ma ya zo babu zobe sam. Kafin ka ɗaura, ajiye sabo kusa da tsoho ka ƙirga. Na biyu wajen canja boris a sababbin motoci. Boris ɗin yana da fuska biyu, ɗaya ce kawai ke da maganaɗisu, kuma ita ce za ta kalli sansa. Idan ka juya shi, mota za ta tafi sumul, ba ƙara ba komai, amma sansa ba za ta ga komai ba, kuma fitar da boris ɗin da aka riga aka danna yawanci lalata shi ne. Gwajin ba wuya: ɗauki ƙaramar allura ko siririn ƙarfe ka kusanta da kowace fuska, wadda ta kama shi ita ce ta ciki. Kuma a guji buga wannan fuskar da guduma. Shi kansa tsohon boris idan ya yi sako-sako, taya tana rawa, tazarar sansa tana canjawa, shi ma yana kunna fitila.

Masu wayarin, ku ma ga taku. Sansa iri biyu ce. Tsohuwar ita ke haifar da 'yar wutarta idan haƙora suna wucewa, ana iya auna ta da mita a kwatanta da ta ɗaya gefen. Sabuwar kuwa kwamfuta ce ke ba ta wuta, awon da ake yi wa tsohuwar ba ya faɗin gaskiya a kanta. Kada a yanke mata hukunci da shi, kuma kada a jona mata wutar batir kai tsaye da sunan gwaji.

Wannan ya kawo mu ga sa wa mota kwamfuta. Tun 1996 motocin da ake sayarwa a Amurka suke zuwa da soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar bincike. Amma a sani, ƙaramar na'urar nan mai araha da ake haɗawa da wayar hannu sau da yawa injin kawai take karantawa, lambobin da ke farawa da P. Matsalar birki da santsi lambobinta da C suke farawa, sai na'urar da ke shiga ɓangaren ABS. Mutum yana iya ce maka ya duba babu komai, alhali bai shiga ɗakin da matsalar take ba. A Toyota da yawa, C0200 tayar gaba ta dama ce, C0205 gaba ta hagu, C0210 baya ta dama, C0215 baya ta hagu, C1241 kuma ƙarancin wuta. Ka sa a rubuta maka lambar a takarda kafin a share.

Lamba kuma unguwa take nunawa, ba ta kama ɓarawo. Idan ta ce tayar gaba ta dama, ba ta ce sansa ta mutu ba. Tana iya zama waya, ko soket, ko zobe, ko boris. Makanikin da ya san aikinsa zai zauna a kujerar gefe da na'urar a hannu, wani ya ja motar a hankali, ya buɗe shafin da ke nuna gudun tayoyi huɗu a lokaci guda. Sai ka ga 20, 20, 20, ɗaya kuma 0, ko tana tsalle daga 20 zuwa 7 ta dawo. Nan magana ta ƙare, an san gindin tayar da za a durƙusa. Share lamba kuwa ba gyara ba ne. Idan aka share aka karɓi kuɗinka ba a taɓa komai ba, kafin ka kai shataletale na biyu za ta dawo.

Akwai kuma sansar da ke cikin sitiyari, mai faɗa wa kwamfuta inda ka nufa, da wata a tsakiyar mota mai jin yadda jikin motar ke juyawa. Idan aka yi alaimen aka bar sitiyari a karkace, kai kana tafiya miƙe, kwamfuta tana ganin kana kwana. Abin da ke biyo baya yana da ban tsoro, domin tana iya danƙe birkin taya ɗaya a kwanar da ba komai. Maganinsa a gyara alaimen sitiyari ya zauna daidai, sa'an nan a saita sansar da kwamfuta, mota tana tsaye a shimfiɗaɗɗen wuri. A Toyota lambar C1336 ita ke nuna ba a yi wa sansar tsakiyar motar wannan saitin ba. Bayan cire batir ma wasu motocin sukan nemi a sake saita ta.

Sai an bi duk waɗannan ba a samu ba, sa'an nan ake zargin ita na'urar ABS ɗin, akwatin nan na alminiyom mai bututun ƙarfe da ke gefen injin. Tana lalacewa, ba na musu, musamman idan an juya kan batir wajen jona wuta, ko an yi walda ba a cire batir ba, ko an shekara da shekaru ba a canja man birki ba har ya sha ruwa. Idan za a saya, lambar da ke jikinta ta yi daidai da ta tsohuwar, kuma wasu sai an gabatar da su ga motar da kwamfuta, an kuma fitar da iska daga birki yadda ya kamata.

Abin da nake roƙo da babbar murya shi ne a daina cire ta a haɗa bututun birki kai tsaye. Ana yi, ana kuma ce wa mai mota birkinsa zai fi ci. A motocin zamani na'urar nan ce ke raba ƙarfin birki tsakanin gaba da baya. Idan aka cire ta, ranar da ka taka birki da ƙarfi tayoyin baya suna iya kullewa kafin na gaba, bayan mota ya zagayo, kuma a lokacin babu gwanintar da za ta cece ka. A motoci da yawa maleji ma daga sansar taya yake samun lissafi, giya mai canja kanta tana dogara da shi. Haka nan cire ƙwan fitila ko rufe ta. Mai sayar da mota da ya yi haka ya ɓoye aibi a ciniki, kuma aibin da ya shafi rai. Kai mai saye, murɗa makulli ba tare da ka tayar da injin ba, ka tabbata fitilar ABS da ta santsi da ta cak injin duk sun kama, sa'an nan ka tayar ka ga sun mutu. Wadda ba ta kama ba sam, a tambayi dalili.

Tambayar da na san tana bakin mutane da yawa: zan iya tafiya da motar fitila tana kunne? Idan ta santsi ce ita kaɗai, ko ita da ta ABS, birkinka na yau da kullum yana nan, kana iya kai ta gareji a hankali, ka bar tazara mai yawa tsakaninka da na gaba. Amma ban ba ka shawarar ɗaukar iyali ka hau doguwar hanya a haka ba, balle a farkon damina, lokacin da ruwan fari ke haɗuwa da ƙura da man da suka taru a kwalta duk rani. Idan kuwa jar fitilar birki ta kama tare da su alhali ka sauke birkin hannu, ko ka ji birki ya yi laushi yana nutsewa, nemi wuri ka tsaya. Wannan motar jan ta za a yi.

Wuri ɗaya ne nake cewa ka kashe na'urar da hannunka: idan ka kafe a yashi ko a laka. Mutanenmu da ke bin hanyoyin ƙauye da masu ratsa rairayi a Arewa da Nijar sun san wannan hali, kana taka totur mota tana ƙin amsawa, saboda kwamfuta tana ganin lilo tana yanke ƙarfi, alhali a nan ana buƙatar taya ta ɗan juya ta haƙo abin kamawa. Danna maɓallin sau ɗaya. A Toyota da yawa dannawa ɗaya TRAC kawai take kashewa, idan ka riƙe shi wajen daƙiƙa 3 mota tana tsaye sai VSC ma ta mutu. Ka riƙa gaba da baya a hankali, kada ka yi ta ba ta wuta har ta binne kanta. Da ka hau ƙasa mai tauri, sake dannawa, ka ga fitilar ta mutu kafin ka ƙara giya.

Allah ya kiyaye hanya, a huta lafiya.